Wa Ya Saki Linzami a Makarantun Gwamnatin Nijar?

Duk wanda gidansa yake kusa da wata kwaleji ta gwamnati a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ya san wannan ƙara. Da wajen ƙarfe tara na safe, mushe yana tsaye a gaban allo, sai a ji usur daga bayan katanga, duwatsu kuma su fara sauka a kan kwanon rufi. Ba mai tambayar ko su wane ne. 'Yan wata makaranta ne suka zo su fitar da 'yan wannan. Kafin a jima aji ya watse, mushe ya tattara allinsa ya koma gindin itace, yara kuwa sun cika titi. Idan aka tare goma daga cikinsu aka tambaye su dalilin yajin, da wuya a sami uku da za su iya faɗa. An ce a fita, sun fita.

Wannan fuska ɗaya ce kawai ta abin da iyaye suke kuka da shi. Akwai makara da fashi, akwai satar amsa a jarrabawa, da ɗaga wa malami murya, da fasa tebur da taga, da shigo da wayar hannu cikin aji. Ba wanda zai yi musun cewa ladabi ya ragu a makarantun gwamnati. Amma bayanin da aka saba bayarwa a majalisar dattawa da bakin kasuwa gajere ne ƙwarai: yaran yanzu sun lalace, gama an hana bulala. Wannan bayani yana da daɗin faɗa, domin yana ɗora laifin duka a kan wanda ya fi kowa ƙanƙanta, ya bar manya da hannu a wanke. Ya kamata a auna shi a ga nauyinsa, sa'an nan a duba inda linzamin ya kuɓuce, da hannun da ya sake shi.

Maganar bulala

Masu begen lakwal ta dā suna da gaskiya a wuri ɗaya. A zamanin Diori Hamani da na Seyni Kountché mushe mutum ne mai kwarjini. Idan ya bi ta kasuwa, ɗan makaranta yakan ɓoye. Ana shiga aji a kan lokaci, ana gama littafin shekara, wanda ya sami sartifika kuma yana iya rubuta wa dukan ƙauye wasiƙa.

Sai dai akwai abin da ake mantawa. Makarantar nan ta 'yan kaɗan ce. Har wajen shekarar 2000, yaro ɗaya ne kawai cikin uku yake shiga firamare a Nijar, a shekarun da suka gabaci wannan kuwa abin bai kai haka ba. Aji ƙarami ne, malami ya san kowane yaro da sunan ubansa. Wanda ya kāsa, sai a kore shi ya koma gona, ba a ƙara jin labarinsa. Wanda ya jure kuwa ya san abin da ke jiransa a ƙarshe, watau aikin gwamnati da albashi. Ashe ba bulala kaɗai take riƙe da yaron nan a kan benci ba. Alkawari ne yake riƙe da shi, alkawarin da yake gani da idonsa a jikin yayyensa da suka zama malaman asibiti da ma'aikatan ofis.

Har wa yau, ba dukan abin da ake kira ladabi a wancan lokaci ne ladabi ba. Wani tsoro ne kurum. Tsofaffin 'yan lakwal ba su manta da sambol ba, watau ƙashi ko guntun itace da ake rataya wa yaron da ya kuskura ya yi Hausa ko Zabarmanci a farfajiyar makaranta, shi kuma ya yi ta farautar wani da zai miƙa wa, domin wanda yamma ta yi masa da shi a wuya shi ne zai sha duka. Wannan bai koya wa kowa gaskiya ba, sai dai tsegumi da jin kunyar harshen uwa. Iyaye da yawa a karkara sun riƙa ɓoye 'ya'yansu a rumbu sa'ad da masu ɗaukar yara suka iso, dukan da ake yi kuwa yana cikin dalilansu. Shehun malami Abdou Moumouni, wanda Jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992, ya riga ya nuna a littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka cewa makarantar da Turawan mulki suka bari ta raba yaro da rayuwar mutanensa, ya kuma nemi a koyar cikin harsunan ƙasa.

Abu na ƙarshe a kan wannan magana shi ne, bulalar ma ba ta tafi ba. Ko da yake ma'aikatar ilimi ta daɗe da hana duka, duk wanda ya leƙa azuzuwan firamare ya san tsumagiya da guntun tiyo suna nan a kan teburin malamai da yawa. In da duka ne maganin, da tuni an warke.

Gadon gadar Kennedy

Ba za a fahimci ɗalibin Nijar ba sai an san tarihin ƙungiyarsa. An kafa USN, ƙungiyar 'yan makarantar Nijar, a 1960, shekarar da ƙasa ta sami mulkin kai. Ta haɗa 'yan jami'a da 'yan lise da 'yan kwaleji a inuwa ɗaya. A zamanin da ba jam'iyyar hamayya, ba jaridar da take iya faɗar abin da ta ga dama, 'yan makaranta suna cikin 'yan kaɗan da suke iya buɗe baki.

Ranar 9 ga Fabrairu 1990, a mulkin Janar Ali Saibou, ɗalibai suka fito daga jami'a za su ƙetare gadar Kennedy zuwa cikin gari, suna ƙin matakan tsuke kuɗin ilimi da gwamnati ta shirya tare da masu ba ta bashi. Jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai uku suka mutu bisa ga lissafin hukuma, waɗansu da yawa suka ji rauni. Jinin nan ya girgiza ƙasa. Kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta yarda da jam'iyyu da yawa, aka kuma yi babban taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, inda 'yan USN suka zauna a matsayin ɓangare mai murya, kafaɗa da kafaɗa da ƙungiyar ma'aikata da jam'iyyu. Wannan bashi ne da ƙasa take ɗauke da shi, ba kuwa mai adalcin da zai raina shi.

Amma kowane gado yana zuwa da nauyinsa. Darasin da 'yan baya suka ɗauka daga 1990 shi ne, hukuma ba ta ji sai an tare hanya an ƙona taya. Gwamnatocin da suka biyo baya kuma, maimakon su ƙaryata wannan darasi, sai suka yi ta tabbatar da shi. A rubuta takardar koke a kan alawus ko rashin malamin lissafi, shiru. A sāke rubutawa, shiru. Ranar da aka fasa gilashin motoci, ranar ce ake kiran shugabannin ɗalibai a zauna a sa hannu a yarjejeniya, wadda sau da yawa ba a cikawa, sai a sāke komawa titi. A shekarun 1990, da albashin ma'aikata ya yi ta makara watanni, aka kuma karya darajar sefa a Janairu 1994, yajin malamai da na ɗalibai suka riƙa karɓar juna, har aka sha yin abin da ake kira farar shekara, watau shekarar da aka soke ba a ƙidaya ta ga kowa. Yaran da suka yi makaranta a wancan lokaci su ne iyaye da malamai da daraktocin yau. A ranar 10 ga Afrilu 2017 ma an sāke rasa ran ɗalibi a harabar Jami'ar Yamai a wata arangama da jami'an tsaro, shekara 27 bayan gadar Kennedy.

Sukar da ta wajaba a kan ƙungiyar ɗalibai ita ce, ta bar makamin da ya kamata a ajiye domin babbar rana ya zama abin wasan kowace safiya. Ɗan jami'a mai shekara 25 yana iya auna abin da zai rasa in ya yi yaji, ya kuma rama karatunsa da dare. Yarinya 'yar shekara 12 da ta shiga ajin farko na kwaleji ba ta da wannan dama. Ba a tambaye ta ba, ba a yi ƙuri'a a ajinta ba, da dutse aka fitar da ita. Ƙungiyar da take neman gwamnati ta ba da lissafi, ita ma ya kamata ta iya faɗa wa iyaye kwana nawa na karatu ta cinye a shekara, da abin da aka samu a madadinsu. Haƙƙin yin yaji gaskiya ne, amma wanda yake so ya zauna a aji shi ma yana da haƙƙi, jifa kuwa ba hujja ba ce.

Malamin da ba ya nan

Yaro yakan koyi kiyaye lokaci daga wanda yake kiyaye lokaci. A nan ne bayanin bulala ya fi rauni, gama bai ce kome a kan malami ba.

Ƙidayar 1988 ta sami mutum miliyan 7 da 'yan kai a Nijar. Ta 2001 ta sami miliyan 11, ta 2012 kuma miliyan 17, kusan rabinsu yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Dokar tsarin ilimi ta ranar 1 ga Yuni 1998 ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne. Shirin shekara goma na raya ilimi da aka fara a 2003 ya buɗe makarantu a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allo ba, har yawan yaran da suke shiga firamare ya zarce biyu cikin uku a tsakiyar shekarun 2010. Wannan aiki ne mai kyau, ba a kuwa yi kuskure da aka yi shi ba. Kuskuren yana wajen yadda aka samo masu koyarwa.

Da yake baitulmali ba ta iya biyan cikakkun ma'aikata, tun daga 1998 aka fara ɗaukar matasa da sunan 'yan sa kai, daga baya aka kira su 'yan kwantaragi. Da farko jaka 35 ake ba su a wata, abin da bai kai rabin albashin cikakken malami ba. Da yawa sun shiga aji da horon 'yan makonni, waɗansu ma ba horo ko kaɗan. Cikin 'yan shekaru suka zama su ne mafi yawan malaman firamare a ƙasar. Ɗan kuɗin nasu kuma yakan makara, idan ya fito sai malamin ƙauye ya rufe aji ya tafi babban gari ya bi layi, tafiyar da takan ci kwana biyu ko uku kowane wata. Wanda aka riƙe haka, da wuya ya ɗauki koyarwa sana'ar rai. Zaman jira yake yi kafin wata ƙofa ta buɗe.

A Yuli 2017 ma'aikatar ilimin firamare ta yi wa 'yan kwantaragi jarrabawa, ko da yake ƙungiyoyin malamai da dama sun ƙi amincewa da ita. Kimanin ɗaya cikin uku ne kawai suka sami rabin maki. An yi ta yi wa malaman dariya a gari, amma dariyar ba ta sauka inda ya kamata ba. Wa ya ɗauke su? Wa ya sa hannu a takardunsu? Wa ya bar su shekara da shekaru a gaban yara ba sufeton da ya zo ya zauna a bayan aji ya ga yadda suke koyarwa? Ba a ji an yi wa waɗannan jarrabawa ba.

Wannan ba ya wanke malamin da yake fashi ba dalili, ko mai sayar da maki, ko mai rage koyarwa a aji domin yara su biyo shi darasin kuɗi da yamma, balle wanda yake lalata da 'yan matan da aka ba shi amana. Irin waɗannan suna nan, abokan aikinsu kuma sun san su. Sau da yawa hukuncin da ake yi musu bai wuce a canja musu makaranta ba, watau a kwashe wutar daga wannan ɗaki a kai wancan. Ɗalibai suna ganin duk wannan. Yaron da ya ga malaminsa ya yi kwana uku bai zo ba, ba wanda ya ce masa kanzil, yaya za a gamsar da shi cewa makarar minti goma laifi ce? Akwai kuma dubban malamai masu riƙon amana, waɗanda suke koyar da yara 80 ko 100 a ɗaki ɗaya ba littafi, su ne kuwa suka fi cutuwa da wannan sakaci, domin an daidaita su da maras aiki a wajen biya da wajen daraja.

Ajin zana da jarrabawar da aka soke

Wurin da ake zaunar da yaro yana faɗa masa darajar abin da ake koya masa. A garuruwa da ƙauyuka da yawa aji rumfar zana ce. Ana buɗe makarantu a Oktoba, amma rumfa ba ta tsayuwa sai an gama girbi an sami kara, saboda haka waɗansu ba su fara karatu sosai sai Nuwamba ko Disamba. Hadarin farko na Mayu ko Yuni kuwa shi ne yake rufe shekara, ko an gama littafi ko ba a gama ba. A ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka mutu, yawancinsu 'yan ƙanana. A ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara aka sāke yin wata a Maraɗi, ta kashe aƙalla yara 25. Bayan haka hukumomi da kansu suka ƙiyasta azuzuwan zana a ƙasar sun kai wajen 36,000. Wanda aka zaunar a ƙasa cikin ƙura, ba katanga, ba ƙofa, jakuna da masu talla suna ratsawa, ba abin mamaki ba ne in ya ɗauki makaranta wurin da ake shiga a fita yadda aka ga dama.

Sa'an nan ga babbar matsalar da ba a cika haɗa ta da ladabi ba, alhali ita ce saiwarsa. Binciken PASEC na 2014, wanda ya auna yaran ƙasashe goma masu aiki da Faransanci, ya sami Nijar a ƙarshe. A ajin ƙarshe na firamare, waɗanda suka kai matakin da ake bukata a karatu ba su kai 10 cikin 100 ba, haka kuma a lissafi. Binciken 2019 ya nuna an sami ci gaba, masu iya karatu sun kai wajen 30 cikin 100, amma har a lokacin mafi yawa suna fita firamare ba su iya fahimtar abin da suka karanta ba.

Sai mai karatu ya sa kansa a matsayin irin wannan yaro. Ya shekara shida ana yi masa magana da harshen da ba a yi a gidansu. An wuce da shi daga aji zuwa aji domin a ba na baya wuri. Daga shekarar karatu ta 2013 zuwa 2014 kuma aka soke jarrabawar sartifika, aka ce makin da yaro ya tara a aji ya isa ya kai shi kwaleji. Ga shi yanzu a kwaleji, malamai bakwai ko takwas suna shiga suna fita, kowa yana cika allo da rubutun da shi bai iya karantawa ba, daga safe har azahar. Me ya rage masa? Ko ya yi barci, ko ya yi surutu, ko ya jira ƙarar usur. Ga irin wannan yaro ranar yaji ranar hutu ce daga kunya. Da yawa cikin waɗanda ake kira marasa kunya, yara ne da aka bari a baya tun suna aji biyu, ba wanda ya waiwaya.

Niyyar masu soke sartifika ba mugunta ba ce. Sun so a rage kashe kuɗi, a kuma daina tare yara a ƙofa. Amma sun cire ma'auni ɗaya tak da uban da bai yi boko ba yake iya ganewa. Dā idan sakamako ya fito, ƙauye duka yakan san ko makarantarsu ta yi aiki ko ba ta yi ba, darakta kuma yakan ji kunya ko ya yi alfahari. Da aka cire wannan, sai lissafin ya koma jiran BEPC, bayan shekara huɗu, sa'ad da gyara ya riga ya yi wuya. A 2021 kimanin ɗaya cikin biyar ne suka ci BEPC. Bayan wajen shekara goma aka dawo da jarrabawar sartifika, wannan kuwa amsa laifi ne ko da ba a faɗa da baki ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, amma shekaru da yawa koyarwa cikin harsunan gida ta zauna a matsayin gwaji, ba ta game ƙasa ba.

Gida da unguwa

Iyaye ma suna da nasu kaso. Akwai uban da bai taɓa taka makarantar ɗansa ba sai ranar da aka kore shi, ranar kuwa da faɗa ya zo. Akwai mai bin darakta har gida da ɗan abin goro domin a ƙara wa ɗansa maki ya wuce. Akwai mai neman ɗan siyasa ya buga waya a mayar da yaron da majalisar horo ta kora. Duk wanda ya yi haka ya koya wa ɗansa darasin da ya fi na aji shiga kai, cewa doka ta marasa gata ce.

Akwai kuma abin da ya fi wannan yawa, watau janye jiki. Ma'aikata da 'yan kasuwa da duk mai ɗan hali sun kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi, har da manyan da suke tsara ilimin gwamnati. Ba laifi ba ne uba ya nema wa ɗansa abin da ya fi. Amma sakamakonsa shi ne, waɗanda suke da muryar da hukuma take ji ba su da sauran abin rasawa a makarantar gwamnati. An bar ta ga talaka, wanda yake fita neman abinci tun asuba. Yaron da aka sako daga aji ƙarfe tara kuwa ba gida yake komawa ba. Fada tana jiransa da shayi da karta, a Damagaram har da ƙungiyoyin matasan da ake kira pale, ga kuma ƙwayar tiramol da ba ta da wuyar samu. Unguwar da dā kowane babba yake iya tsawata wa ɗan kowa, yanzu kowa yana tsoron a ce masa ina ruwanka.

Lissafi daga sama zuwa ƙasa

Duk wannan ba ya nufin ɗalibi ba shi da laifi. Saurayi mai shekara 16 da ya jefi malaminsa ya san abin da ya yi, talauci kuma bai sa hannunsa ya ɗauki dutse ba. Raina yaro ne a ce ba ya iya ɗaukar alhakin aikinsa. Abin da ake faɗa shi ne, ba da lissafi ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya. In aka nema daga yaro kaɗai, aka bar malami da darakta da sufeto da minista, yaron zai gane rashin adalcin, ba kuwa zai miƙa wuya ba.

Kayan aikin gyara suna nan, ba sai an ƙirƙiro sababbi ba. Tun shekarun 2000 makarantu suke da kwamitin gudanarwa da ake kira COGES, inda iyaye da malamai suke zama tare. A wurare da yawa aikinsa bai wuce tara kuɗin zana da alli ba. Ya kamata kwamitin nan ya riƙa duba littattafai biyu a kowane wata, na zuwan ɗalibai da na zuwan malamai, a kuma karanta adadin kwanakin da aka yi karatu a gaban taron iyaye da harshen da kowa yake ji. Dokar cikin gida ta makaranta, wadda yawanci take manne a ofishin darakta da Faransanci, a fassara ta, a karanta wa yaro da uban a ranar shiga, kowa ya san laifi da hukuncinsa tun kafin a yi shi. Hukuncin kuma ya zama mai dacewa da laifin, ya kuma tabbata. Wanda ya fasa benci ya gyara shi da hannunsa, ko ubansa ya biya. Wanda ya yi fashi a kira iyayensa a makon nan, ba a ƙarshen shekara ba. Wanda ya ɗaga hannu a kan malami ya gurfana gaban majalisar horo, abin da ta yanke kuma kada wayar kowa ta warware shi. Ba tsananin hukunci ne yake gyara yaro ba, sanin cewa ba makawa zai zo, kuma zai zo wa ɗan kowa daidai.

Gwamnati kuwa nata ya fi na kowa nauyi. Ta biya malami a kan lokaci a inda yake aiki. Ta ba sufeto abin hawa da mai domin ya kai ƙauye. Ta amsa takardar koke tun tana takarda, domin ɗalibai su ga cewa alƙalami yana buɗe ƙofar da dutse yake buɗewa. Kada ta sa hannu a kan abin da ta san ba za ta cika ba. Fiye da kome, ta tabbatar yaro ya iya karatu kafin ya bar aji uku, da harshen da yake ji in ya yiwu, gama yaron da yake fahimtar abin da ake koya masa ba ya bukatar mai gadi a ƙofa. Ƙungiyar ɗalibai ita ma za ta ƙara wa kanta daraja in ta hana jifa da bakinta, ta keɓe 'yan firamare da ƙananan azuzuwan kwaleji daga yaji, ta kuma bar kowace makaranta ta yanke shawararta da ƙuri'a.

Iyayen da suka iya karatu suna da aikin da ba sai sun jira kowa ba. Ko 'ya'yansu ba su cikin makarantar gwamnatin unguwa, 'ya'yan maƙwabtansu suna ciki, da su kuma nasu za su zauna gari ɗaya. Halartar taron iyaye, da karɓar kujera a kwamiti, da tara yaran layi awa ɗaya da yamma a koya musu haɗa baƙi, ba su bukatar izinin minista. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma tanƙwarawa aikin hannu ne da yake riƙe da iccen kowace rana, ba na wanda yake zuwa da sanda sau ɗaya a shekara ba.